Ɗan Goggo Ya Kai Haulatu Neman Kam

"Lafiya lau muka kwana. Ban dai so a ce fuskarka ce farkon abin da zan gani a waje ba, amma tunda an riga an gani, Allah Ya tsare sauran ranar."

"Amin, 'yar Kawu. Ya Shehu, ya yaran? Ya kuma marasa lafiyar da suka tsira daga hannunki a makon nan, in akwai?"

"Duk sun tsira. Gado ɗaya ne ya rage babu kowa, na ce a ajiye maka."

Haulatu ta ja ƙofar motar, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Sai da Dikko ya miƙo hannu ta ciki ya daki wani wuri da dunƙulensa, sannan ta buɗe da wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ta shiga baya ta zauna, ta gyara mayafi.

Asabar ce ta ƙarshen watan Yuni. Ƙarfe tara ba ta yi ba, amma zafin Doha ya riga ya sauko ya kwanta a kan kwalta. Haulatu nas ce a wani asibiti, shekararta shida a ƙasar. Mijinta Shehu yana filin jirgin Hamad, yana gyaran injinan da ke jan akwatunan matafiya, yau ma yana duti. Suna da yara biyu, Fausatu mai shekara goma sha ɗaya da Uwais mai bakwai. Ranar Alhamis makaranta za ta rufe, wata biyu cur, kuma bana babu zuwa Haɗeja domin hutun Haulatu bai faɗo daidai ba. A irin waɗannan watanni yaro ba ya leƙa waje da rana. Ko dai ya wuni a ɗaki yana kallon waya har idonsa ya yi ja, ko a kai shi ɗaya daga cikin wuraren da ake kira kam, inda ake riƙe yara daga safe zuwa azahar ana koya musu wani abu. Gurabe suna cikewa, gobe kuma za ta koma aiki kwana shida a jere. Yau ɗin nan ce kawai take da ita.

Dikko kuwa ɗan goggonta ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifinta. Taubasai ne, gida ɗaya suka tashi a Haɗeja, kuma tun suna rarrafe ba su taɓa gaisawa da daɗi ba. Direba ne a wani otal a Lusail, iyalinsa suna can gida. Ranar hutunsa ce, shi ya ce zai kai ta.

"Me ya sa kika zauna a baya?" ya tambaya yana kallonta ta madubi.

"Ina kake so uwar ɗaki ta zauna? Ɗan mace bawa ne, ko a Doha. Ja mota."

"Ni kafil ɗaya na sani, wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar nan, kuma yana da gemu."

"Ni ce kafil ɗinka ta asali. Tun ba ka san kalar fasfo ba kake ɗauko min ruwa."

"Ina ɗauko miki ne don tausayi. Aka ce in kika je rijiya da kanki, ruwan yana ganinki zai ƙafe." Ya tayar da motar, esi ya fara huci kamar tsohon da ya hau bene. "Af, shekarata huɗu ina zuwa unguwar nan taku ta Matar Kadim, har yau ban ga Kadim ɗin ba. Ko ya gudu ne tun ranar da kika tare?"

"Tsohon filin jirgi ake nufi, jahili. Larabcin ma da kake taƙama da shi, daga yalla sai khalas."

"Da su biyun nake ɗauko ministoci. Ke da Turancinki mai yawa, sau nawa kika faɗi jarrabawar tuƙi?"

Haulatu ta juya tana kallon taga. Sau uku ne, kuma ya sani, domin shi ya kai ta duka ukun.

"Mai jarrabawar ne ba ya sona," ta ce.

"Mutumin yana son ransa ne. Na ji an ce tun ranar yake sadaka."

Ta buɗe jaka ta ciro takardar da ta rubuta sunayen wurare biyu. Na farko wata makaranta ce a Abu Hamur, na biyu a Lusail. Dikko ya ce shi ma yana da wuri na uku. Ta ce ya ajiye shi tare da sauran ra'ayoyinsa, in an tashi kwashe shara a haɗa.

A makarantar Abu Hamur wata Bamisiriya mai tabarau ce ta karɓe su. Ta zagaya da su ajujuwa masu sanyi, ko'ina tsaf, kujeru a jere kamar haƙoran bature. Sannan ta miƙa wa Haulatu jadawali. Lissafi da safe, Turanci, kimiyya, hutun rabin awa, rubutun hannu, sai kuma lissafi a rufe da shi. Zuciyar Haulatu ta yi fari. Fausatu ta samu maki mai kyau bana amma lissafinta yana ɗingishi, Uwais kuwa rubutunsa sai ka ce kaza ta bi ta kan tawada.

Dikko ya karɓi takardar ya riƙe ta nesa da fuska.

"Laifin me yaran nan suka yi miki?"

"Ba ni takardata. A juye ma ka riƙe ta."

"Ko a juye mugunta ce. Yaro ya yi wata tara yana karatu, an ce ya huta, ke kuma kin samo masa gidan yari mai esi. Lissafi sau biyu a rana. Ko maganin zazzaɓi ai da ruwa ake haɗawa."

"Wa zai yi maganar karatu a nan? Kai da ka yi aji huɗu sau uku, har malamai suka fara kiranka taron ma'aikata."

"Shaƙuwa ce. Aji huɗu ne ba ya son rabuwa da ni. Ranar da na tafi, allo ma sai da ya tsage."

"Kanka aka buga a jiki."

Bamisiriyar tana tsaye tana murmushi, tana kallon wannan ta kalli wancan. Can ta nuna Dikko ta tambayi Haulatu da Turanci ko shi ne mahaifin yaran, domin akwai wurin da uba zai sa hannu.

"A'uzu billahi," suka faɗa tare.

Haulatu ta yi mata bayani cewa ɗan'uwanta ne, kuma direbanta. Dikko ya dafa ƙirji ya haɗa Larabcinsa da Turancinsa ya gaya wa matar cewa shi ne babban gidan, wannan kuma yarinya ce da aka ba shi riƙo. Da suka fito baranda ya ci gaba da Hausa.

"Kin san dai an so a ba ni ke. Kawu da kansa ya kira ni. Na ce Kawu, in dai kyauta za ka yi min, akwai jar akuyar nan ta bayan gida."

"Akuyar ce ta ƙi. Ni aka aika in lallashe ta, ta ce gara layya."

Ya yi dariya har da riƙe bango. Ita ma ta so ta yi, ta danne. Ta karɓi fom guda biyu ta ce wa matar za ta dawo kafin azahar, sai ta ga ɗaya wurin tukuna.

A hanyar Lusail ya tsaya wani ɗan shago ya sayo karak kofi biyu, shayin nan mai madara da ƙamshi. Ya miƙo mata ɗaya ta baya ba tare da ya juyo ba.

"Riƙe da hannu biyu, kada ki zubar min a kujera. Fatar raƙumi ce."

"Leda ce, kuma ta yage. Wane mai hankali ne yake shan shayi a wannan zafin?"

"To dawo da shi."

"Na riga na sa baki."

Wurin Lusail yana hawa na ashirin da biyu a wani dogon gini na gilashi. Tun daga ƙasa Dikko ya fara nuna mata gine-gine da baki. Wancan shi ya ba su shawarar inda za su sa ƙofa. Wancan mai lanƙwasa kuwa, injiniyan a motarsa ya zana shi, shi ya sa ya karkace, domin sun shiga rami. A cikin lif Haulatu ta riƙe ƙarfe, ya ce ta saki, ginin ya saba ɗaukar nauyi. Suka tarar da yara sanye da fararen huluna suna kwaɓa fulawa, wasu suna harhaɗa ƙananan mutum-mutumi masu tafiya da kansu. Wurin ya yi kyau ƙwarai, har Haulatu ta fara hango Uwais a ciki. Amma da ta tambaya, aka ce ba su da motar ɗaukar yara zuwa unguwarsu, iyaye ne ke kawowa su ɗauka. Ita tana fita tun shida, Shehu yana da mota ɗaya da duti mai juyawa. Maganar ta mutu a nan.

"Da kin ci jarrabawar nan," in ji Dikko a cikin lif.

"Da kai ka yi shiru, da an ɗauka kana da hankali. Mayar da ni Abu Hamur in sa hannu."

Ya ja mota ba musu, abin da ya kamata ya sa ta zargi wani abu. Tana duba fom ɗin tana cike sunayen yara a kan cinyarta, sai da ta ɗaga kai ta ga sun bar babbar hanya.

"Ka ɓata hanya."

"Ni? Taswirar garin nan a kaina aka kwafa."

"Shi ya sa ko'ina shataletale. Dikko, ina za ka kai ni?"

"Wuri na uku. Minti goma. In bai yi miki ba, ni da kaina zan kai yaran gidan yarin, har in riƙa kai musu abinci ranar ziyara."

Ya tsaya gaban wani kulob na wasanni, gini mai faɗi ba mai tsawo ba. Suna tura ƙofa warin maganin ruwa ya daki hancinta. Ta san warin daga asibiti, amma wannan da ɗumi yake, da amsa-kuwwar ihun yara. Ta gefen dama akwai bangon gilashi, bayansa ruwa shuɗi shimfiɗe, yara maza suna ta facal-facal. Haulatu ta tsaya cak.

"Mu tafi," ta ce.

"Ko zama ba ki yi ba."

"Na ce mu tafi. Ka san ni da ruwa."

Ya sani. Tana da shekara tara, shekarar da kogin Haɗeja ya cika har ya taɓa gonakin bakin gari, an aike su wanki su biyu. Santsi ya kwashe ta a mashaya, ruwa ya ja ta. Wani masunci ne ya cafko ta da gashi can ƙasa da inda ta faɗa. Tun daga ranar ko kwalekwale ba ta sake shiga ba, kuma ko bakin teku aka je da yara, tana riƙe da rigunansu ta baya.

"Na san ki da ruwa mana," in ji Dikko, ya zauna a benci ya miƙe ƙafa. "Wa ya cece ki? Na yi tsalle ɗaya, na kama kada da hannun hagu, na kama ki da na dama. Kadan ma ya fi ki sauƙin ɗauka."

"Kai? Kana tsaye a bakin ruwa riƙe da takalmana kana kuka, majina har ƙirji. Mutanen kasuwa sun ɗauka kai ne ruwan ya ci."

"Dabara ce. Kukan ne ya kira masuncin."

"Har gida ka bi mu da takalman. Goggo ta ce ka ajiye, ka ƙi. Da su ka kwana."

"Sababbi ne. Na ce in ba ki tashi ba kada a yi asara biyu."

Ta harare shi. Ya yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba. Ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota a yatsa.

"Haulatu," ya ce. Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta. "Shekara talatin ke nan, har yau ina ganin kanki yana nutsewa yana fitowa, ni kuma ina tsaye da takalmi. Ba abin da na iya. Ke ruwa ya ja, amma ni ma ban bar bakin kogin nan ba. Nawa yaran suna can kusa da shi, kullum sai na yi wa uwarsu waya a kan maganar. Naki ga su a gari da teku ya kewaye."

Ya ciro waya ya duba wani saƙo.

"An ce kada in faɗa miki. To ni ban faɗa ba, waya ce za ta faɗa."

Ya danna. Muryar Fausatu ta fito ƙasa-ƙasa, irin ta mai magana a ɓoye a banɗaki.

"Kawu, ina wuni. Don Allah kada ka ce ni na ce. In za ku je neman kam da Umma, ka kai ta wanda ake koyon ruwa. 'Yan ajinmu duk sun iya. Ranar da makaranta ta kai mu, ni kaɗai na zauna a benci ina riƙe wa mutane tawul, saboda Umma ta rubuta a takarda kada a sa ni. Ba na so ranta ya ɓaci. In ta ce a'a, shi ke nan, lissafin ma ba komai."

Haulatu ta tuna takardar. Da safe ne tana sauri, ta ja layi a ƙarƙashin a'a har sau biyu, ta miƙa wa yarinyar ba ta ko kalli fuskarta ba. Da yamma Fausatu ta dawo ta ce an yi wasa da daɗi. Haulatu ta zauna a ɗaya gefen bencin, fom ɗin Abu Hamur a hannunta.

"Munafukai," ta ce a hankali. "Kai da ita."

"Jininki ce. Ni nawa munafuncin na koya ne."

"Ita ba ta iya zuwa ta gaya min ba, sai ta gaya wa mai kan gwanda."

"Mai kan gwanda ba ya ja layi sau biyu."

Ta juyo da sauri. "Har wannan ta gaya maka?"

"A'a. Na dai san hannunki."

Wata dariya ta fito daga bayan teburin karɓar baƙi. Wata mata ce doguwa, baƙa, cikin rigar wasanni da ɗan hijabi, da usur rataye a wuya. Ta rufe baki da hannu amma ta kasa riƙe dariyar.

"Ku yi haƙuri," ta ce da Hausa. "Tun ɗazu ina ji. Na yi ƙoƙari."

Haulatu ta ji kamar ƙasa ta tsage. Sunan matar Shakira, 'yar Zangon Kumasi ce, ita ce shugabar masu koya wa 'yan mata. Hausarta irin ta Zango ce, wadda ba ta cika raba mace da namiji ba. Ta dubi Dikko ta nuna Haulatu.

"Shi ne madam ɗin da ka ce zai zo?"

"Kin ji ko," in ji Dikko. "Kallo ɗaya ta gane namiji ce ke."

"Au, kun san juna?" Haulatu ta tambaya.

"Wannan bawan Allah?" Shakira ta girgiza kai. "Zuwansa uku. Ya tambaye ni zurfin ruwa, na faɗa. Ya ce masu ceto nawa, na faɗa. Ya ce in nuna masa takardarsu. Ya tambayi motar da ke ɗaukar yara, ya fita ya duba tayoyinta, har ya yi wa direbanmu faɗa a kan bel. Na ɗauka daga hukuma aka turo shi."

Haulatu ta kalli Dikko. Shi kuma ya sami wani abu mai muhimmanci a silin yana kallo.

"Hanya ce ta biyo da ni," ya ce.

"Sau uku."

"Garin duk shataletale ne, ke kika faɗa."

Shakira ta ce 'yan mata suna da nasu ruwan a ciki, mata ne kaɗai ke shiga, in madam tana so ta zo ta gani. Haulatu ta miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa aka ce ta cire takalmi ta sa silifa na roba. Ta cire, ta waiga, ta ga Dikko yana kallonta, ta tura su ƙarƙashin benci da ƙafa tun kafin ya buɗe baki.

A ciki ruwan bai kai na mazan girma ba. 'Yan mata kamar goma sha biyu ne, wasu da riguna masu rufe hannu da ƙafa. Mata biyu suna cikin ruwan tare da su, ta uku tana zaune a kan doguwar kujera ba ta ɗauke ido. Ruwan a ƙugun malaman biyu yake. Wata 'yar ƙarama, ba ta fi Uwais ba, tana kwance rigingine, malama ta tallafe mata ƙeya da tafin hannu. Haulatu tana kallo malamar ta zare hannun a hankali. Yarinyar ba ta sani ba. Tana nan kwance a kan ruwa, idonta a sama, tana ƙirga wani abu da baki. Sai da ta kai inda za ta kai ta waiga, ta ga hannun malama a sama, ta ƙyalƙyale da dariya har ta sha ruwa, ta tashi tsaye tana tari tana ci gaba da dariyar.

Haulatu ta ga ashe ta riƙe hannun Shakira tun ɗazu. Ta saki.

"Abin da muke fara koya musu ke nan," in ji Shakira. "Ba gudu ba, ba tsalle ba. In ka faɗa, ka juya ka kwanta ka yi numfashi har a zo. Sati biyu yaro ya iya. Bayan ruwa akwai ƙwallo da zane, akwai awa ɗaya ta karatu ga wanda iyayensa suka ce."

"Lissafi?"

"In kin ce lissafi, lissafi."

"Sau ɗaya a rana ya isa," in ji Haulatu, kamar da kanta take magana.

Da suka fito Dikko ya miƙe tsaye. Ya kalli fuskarta yana neman amsa, ta ƙi ba shi. Ta wuce teburin ta ce a ba ta fom biyu. Ta cike na Fausatu, ta cike na Uwais, ta sa hannu. Ta ji numfashin da Dikko ya sauke a bayanta.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Yau na shiryar da mutum ɗaya. A rubuta a tarihi, 'yar Kawu ta bi shawarata."

"Shakira," in ji Haulatu ba ta juyo ba, "a zuwansa ukun nan, ya taɓa matsawa bakin ruwan?"

"Na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya ce daga nan ma yana gani."

"Kuna koya wa manya?"

"Maza ranar Asabar da safe. Akwai ajin waɗanda ba su taɓa shiga ba."

"Ba ni fom ɗaya."

Dikko ya matso da sauri. "Wa za ki rubuta? Shehu ai yana duti."

"Suna, Dikko. Shekaru, arba'in da ɗaya, hankali bakwai. Ranar hutu, Asabar." Tana rubutawa tana faɗa. "Sunan mai kula da shi, Haulatu."

"Ke, tsaya. Ni fa na iya. Kawai dai ruwan ƙasar nan ne bai karɓe ni ba, gishiri ya yi masa yawa."

"Wannan ba gishiri," in ji Shakira.

"Ina da ciwon kunne."

"Ni ce nas. Kunnenka lafiya lau, ji ne kawai ba ya yi." Ta ajiye biro ta juyo ta dube shi sosai. "Ka sa na sa hannu 'ya'yana su shiga ruwa. In kai ba ka shiga ba, yanzu zan yaga nasu, mu koma Abu Hamur, kai kuma ka yi wa Fausatu bayani da bakinka. In ka je gida hutu, wa zai koya wa naka? Ta waya?"

Ya kalli fom ɗin, ya kalli ruwan ta gilashi, ya shafa ƙeya.

"A ƙugu kika ce yake tsayawa?" ya tambayi Shakira.

"Kai ma a cinya."

"To ke fa?" ya juya kan Haulatu. "Akwai ajin mata ai."

"Uwar ɗaki ba ta shiga sai bawa ya gwada. In ka yi wata ɗaya ba ka nutse ba, zan duba."

"A rubuta wannan ma," ya ce wa Shakira. "Ke ce shaida."

Ya karɓi biro ya sa hannu, sa hannun da ya ci rabin takardar. Kafin ya ɗago, Haulatu ta nuna wani abu a cikin akwatin gilashin da ke gefen teburin, inda ake sayar da tabaran ruwa da huluna. Shakira ta ciro ta miƙa mata tana cije leɓe. Robobin nan ne da ake hurawa a zura wa ƙananan yara a damtse, ruwan ɗorawa, da hoton agwagwa a jiki.

"Ungo," in ji Haulatu. "Kada a ce ban taɓa yi maka alheri ba."

Dikko ya juya su a hannu. Ya gwada zura ɗaya, ta tsaya a wuyan hannunsa ta ƙi gaba. Ya kalli agwagwar, agwagwa ta kalle shi. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke sa shi dafa gwiwa, har yaran da ke bayan gilashi suka juyo.

"Shi ke nan, kin ci," ya ce yana share ido. "Yau ɗaya, ranki ya daɗe. Muje in kai ki gida ki gaya wa yarinyar nan da kanki."

Ya riga ta zuwa mota ya buɗe mata ƙofar baya, robar tana nan a wuyan hannunsa.